Shin Ko Kun San? Gadar da Ke Tsakanin Hoto da Hoto

Shin ko kun san ɗan bidiyon nan na minti uku da ake turo muku a waya washegarin ɗaurin aure, a Tambuwal ko Dogon Daji ko Jabo, cike yake da dabarun da wasunsu suka girmi kakan ango? Ga ango an naɗe shi kamar tabarma, sai ga amarya. Amarya ta tarwatse ta koma taurari, taurari sun taru sun zama motar kai amarya. Samarin da ke haɗa wannan aiki suna kiran abin tiransishin. Mu sai mu ce masa gada, tunda aikinsa ke nan, ya ƙetarar da mai kallo daga wannan fitowa zuwa waccan. A kan gadar nan za mu yada zango yau.

Shin ko kun san narkewar hoto cikin hoto ta riga fim zuwa duniya? Tun a shekarun 1830 masu nuna hotuna a Ingila, irin su Henry Langdon Childe, kan jera fitilun haska hoto guda biyu su auna su wuri ɗaya a bango. Ana rufe bakin ɗaya a hankali ana buɗe na ɗayar, sai gari da rana tsaka ya rikiɗe ya koma gari da dare a kan idon jama'a. Sunan fitilar nan a Turanci, mai ma'anar fitilar sihiri, shi ne bakin Bahaushe ya lanƙwasa ya zama majigi.

Shin ko kun san wanda ya fara shahara da wasa da hoto a sinima ɗan rufa-ido ne? Georges Méliès ke nan, Bafaranshe, mai gidan wasan rufa-ido a birnin Paris. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa wajen 1896 yana ɗaukar hoton titi sai kyamara ta cije masa. Kafin ya shawo kanta, abin da ke kan titin ya wuce, wani ya maye gurbinsa. Da ya wanke fim ɗin ya kalla, sai ya ga keken dokin haya ya rikiɗe ya zama keken ɗaukar gawa, maza sun koma mata. Ba duka masana tarihin fim suka gaskata shi ba, domin tun 1895 kamfanin Edison na Amurka ya yi wannan dabara a wani ɗan gajeren fim kan fille kan Sarauniya Mary ta Sikotilan: aka tsayar da kyamara, aka janye ɗan wasa, aka ajiye mutum-mutumi, gatari ya sauka. Ko ma dai wa ya fara, Méliès ne ya mayar da ita sana'a, kuma a fim ɗinsa Cendrillon na 1899 ya riƙa narkar da fitowa cikin fitowa. Saboda haka yarinyar da kuka gani a TikTok ta daka tsalle da kayan zaman gida ta sauko da leshi da gwaggwaro, jikar Méliès ce, ba ta dai sani ba.

Ga wanda ya fi tsaya mini a rai.

Shin ko kun san an taɓa rubuta wa masu shirya fim ƙa'ida cewa kada su yi wa ɗan Afirka irin waɗannan dabaru, wai ƙwaƙwalwarsa ba za ta ɗauka ba? William Sellers jami'in kiwon lafiya ne na gwamnatin mulkin mallaka a Nijeriya, wanda ya riƙa yawo da majigi a mota yana nuna finafinan tsafta da yaƙi da annoba. Da aka kafa sashen finafinan ƙasashen mulkin mallaka a Landan a 1939, shi aka damƙa wa ragama. A 1941 ya wallafa wata maƙala wadda takenta kansa cin fuska ne, don ya kira masu kallon nasa mutanen da kansu bai waye ba. Shawararsa ita ce a yi fim a hankali, a bar kowane hoto ya daɗe, a guji duk wata dabarar kyamara, kuma kada a yi tsalle daga wuri zuwa wuri ko daga lokaci zuwa lokaci. Ma'ana, in mutum zai tashi daga ɗaki zuwa bakin rijiya, a raka shi da ido har ya isa, kada mai kallo ya ruɗe. Da irin wannan fim motocin majigi suka zaga garuruwan Arewa, har bayan samun mulkin kai. Ku tambayi dattawa labarin daren majigi a ƙofar fada, za ku sha labari. Da Sellers zai dawo yau ya zauna a rumfar mai cajin waya a Kebbe, ya ga yaro ɗan shekara goma sha biyar yana zuba gada arba'in a bidiyo guda da babban yatsa yana taunar rake, da ya nemi maƙalarsa ya yayyaga.

Inda ya yi ɓatan kai shi ne da alama bai taɓa zama ya ji tatsuniya ba. Shin ko kun san kusan duk wata gada da ke cikin manhajar wayarku tana da 'yar'uwa a bakin kaka? "Ga ta nan ga ta nanku" shi ne hoto ya fito a hankali daga cikin duhu. "Kwanci tashi" shi ne narkewa: kalma biyu, jariri ya isa aure. "Can kuwa a gidan sarki" shi ne a share wannan wuri a kawo wani, alhali lokaci ɗaya ne. "Sai" ita ce yanka tsagwaronsa: sai Gizo ya ɗaga kai, sai ya ga Kura. "Kwatsam" ita ce yankan da ke sa gaba faɗuwa. "Ƙurunƙus" kuwa allo ya dushe ya yi baƙi, kowa ya nemi shimfiɗa. Yaron da ya tashi da wannan a kunne ba sai Bature ya raka shi rijiya ba. Amma ku lura da abu guda. Ba za ku taɓa jin mai tatsuniya ta ce "kwanci tashi" tsakanin Gizo ya gutsuro tuwo da Gizo ya kai baki ba. Kowace kalma da muhallinta. Gada ma magana take yi, kuma abin da take faɗa a kan lokaci ne: an jima, an kwana, an koma wani wuri, an gama.

Na ga wannan da idona a gida. Ɗan ƙanwata ya ɗauki bikin wani abokinsa a wani ƙauye da ke ƙasar Kebbe, ya kwana biyu yana tacewa a waya, ya kawo mana yana ta ɗaga kafaɗa. Babu gadar da ya bari a manhajar. Duk bayan daƙiƙa huɗu ko biyar sai allo ya yi baƙi ya dawo, ko hoto ya narke, ko ango ya tsage gida huɗu kowane ɓangare ya kama gabansa. Inna, kakarsa, ta karɓi wayar ta nisanta ta da ido ta kalla har ƙarshe, sannan ta ce, "Kai maigida, mi angon ga yay yi maka da kat tsattsaga shi hakanga?" Ya ce, "Ado na, tsohuwa, ke dai ba ki san zamani ba." Ta ce, "To kwana nawa anka yi ana ɗaurin auren ga? Na ga dare na ta yi gari na wayewa." Aka fashe da dariya, shi kaɗai bai yi ba. Ɗaurin auren da bai kai rabin awa ba, ita ta lissafa masa kusan mako, domin duk baƙin da allo ya yi ta karanta shi a matsayin an kwana. Tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ta karanta nahawun fim daidai, mai manhajar ne ya yi tuntuɓen harshe.

Shin ko kun san yanka kaɗai, ba tare da wani ado ba, yana iya sa fuskar mutum ta faɗi abin da mai ita bai nufa ba? Wajen 1920 wani malamin fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauko hoton fuskar ɗan wasa Ivan Mozzhukhin, fuska a sake, ba fara'a ba fushi. Kamar yadda ɗalibinsa Pudovkin ya ba da labari, an haɗa wannan fuska da kwanon miya, aka sake haɗa ta da gawa a akwati, aka kuma haɗa ta da yarinya tana wasa. Masu kallo suka yi ta yaba gwanintar ɗan wasan: dubi yadda ya ƙura wa miya ido cikin tunani, dubi baƙin ciki, dubi murmushin ƙauna. Alhali hoto ɗaya ne aka maimaita. Ku gwada da kanku. Ku ɗauki fuskar uban amarya yana zaune shiru, ku bi ta da hoton 'yarsa tana kuka za a fita da ita, kowa zai ce tausayi ne. Ku bi ta da jerin kayan ɗaki, kowa zai ce lissafin bashi yake. Wannan wuƙa ce mai baki biyu, kuma yankin da ya san siyasa kamar namu ya kamata ya san haka. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ce ta tura Aminu Waziri Tambuwal majalisar wakilai, inda ya zama kakaki daga 2011 zuwa 2015 kafin ya yi gwamna. Duk kakar zaɓe wayoyi kan cika da gutsattsarin bidiyo na kowane ɓangare. In kun ga ɗan takara yana magana, aka yanka, sai ga taro yana ihu, ku tambayi kanku ko rana ɗaya ce, ko ma gari ɗaya ne.

Shin ko kun san akwai gwanin tace fim da ya raba dalilan yanka hoto kashi-kashi? Walter Murch, Ba'amurke, wanda ya ci lambar Oscar biyu a fim ɗin The English Patient na 1996, ɗaya ta tace hoto ɗaya ta sauti. A littafinsa In the Blink of an Eye ya ba motsin zuciyar mai kallo kashi 51 cikin ɗari, ci gaban labari 23, daidaituwa da tafiyar kiɗa ko numfashin fim 10, inda idon mai kallo yake a allo 7, sauran 5 da 4 kuma ya ba lissafin wuri da kusurwa. Shi ne kuma ya kawo ra'ayin cewa yanka ƙiftawar ido ce: mutum kan ƙifta ne daidai lokacin da wani tunani ya kammala a ransa, don haka yankan da ya faɗa a daidai gurbin ba a ma ganinsa. Shi ya sa za ku kalli fim na awa biyu mai ɗauke da yanka sama da dubu, a tambaye ku guda nawa kuka gani ku rasa amsa.

Shin ko kun san ɗaya daga cikin gadojin da aka fi yabo a tarihin sinima rashin gada ce? A fim ɗin Lawrence of Arabia na 1962, jarumin yana cikin ofis a Alƙahira ya hure ashana, sai kawai ga hamada, rana tana ɓullowa ja wur. A rubuce narkewa aka tsara. To a wancan zamani narkewa ba ta yiwuwa a teburin mai tacewa, sai an aika fim ɗakin wanki an biya kuɗi an jira. Anne Coates, wadda ta tace fim ɗin, ta manna hotunan biyu kai tsaye don a duba kafin a aika. Da ita da darakta David Lean suka kalla, suka ga babu abin da za a ƙara. Ta ci Oscar da wannan fim. A 1968 kuma Stanley Kubrick ya sa wani biri mai kama da mutum ya cilla ƙashi sama, ƙashin yana juyawa, aka yanka, sai ga kumbo a sararin samaniya. Shekaru miliyoyi a ƙiftawa ɗaya.

Sirrin shi ne kama. Abu biyu masu siffa ɗaya ko motsi ɗaya suna haɗuwa da kansu, kuma garinmu cike yake da su kyauta. Faifan da ake bakace da shi ya zama farin wata. Tayar babur ɗan kabu-kabu tana juyawa ta zama bakin tukunyar da ake tuƙa tuwon biki. Hannun amarya da jan lalle ya zama hannun kakarta a ɗage tana addu'a. Manomin shinkafa a Kuchi ya watsa iri da hannun dama, a yanka, sai ga hannun nan dai yana zuba shinkafa a buhu, damina guda ta wuce ba a ce uffan ba. Wannan sai an yi tunaninsa tun kafin a danna ɗauka, shi ya sa bai cika yawa ba.

Kada a ce na tsani ado. Shin ko kun san shara, wato sabon hoto ya turo tsohon ya fitar da shi daga allo, ta taɓa zama abin alfaharin Hollywood? A fim ɗin Flying Down to Rio na 1933, Linwood Dunn na kamfanin RKO ya zuba ta iri-iri, mai zagaye, mai haƙoran zarto, mai buɗewa kamar ƙofa. Daga baya aka gaji da ita. Akira Kurosawa na Japan ya ci gaba da amfani da mai sauƙin cikinta, George Lucas ya gani ya so, ya cika Star Wars na 1977 da ita, har ta zama tambarin fim ɗin. Wato wanda ya zaɓi guda ɗaya ya riƙe ta tun daga farko har ƙarshe, sai ta zama salonsa. Wanda ya kwashi duka kuwa, ya zama kamar mai zuwa masallacin Idi da hula uku a kai.

A 1990 wani kamfanin Amurka mai suna NewTek ya fitar da na'urar Video Toaster, wadda ake haɗawa da kwamfutar Amiga, ta sauko da dabarun gidan talabijin zuwa hannun masu ƙaramin ƙarfi. Cikin gadojinta har da wadda tumaki ke ta faɗowa daga sama sai sun cika allo. Ita kam da ta kai zamanin nan da ta sami kasuwa a bidiyon babbar salla.

Shin ko kun san masu bidiyon biki na zamanin kaset ba don tsantseni suka taƙaita ado ba? Wanda ke da na'urar bidiyo biyu, ɗaya tana kunnawa ɗaya tana naɗa, yanka kawai zai iya. Narkewa tana bukatar hoto biyu su gudana lokaci ɗaya, wato na'ura biyu masu kunnawa, da ta uku mai naɗa, da akwatin gauraya hoto a tsakani. Ga shi duk kwafin da aka yi daga kwafi sai hoto ya ƙara dushewa. A cikin irin wannan ƙunci finafinan Hausa na bidiyo suka tashi: Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a Kano a 1990, sunan Kannywood kuma ya ɓulla a mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji a ƙarshen shekarun 1990. Da kwamfuta ta shigo ɗakunan tace hoto, sai aka rama azumi. Inda aka fi ganin haka a waƙa ne, saurayi da budurwa suna lambu cikin shuɗi, kafin baiti ya ƙare suna bakin ruwa cikin ja, gadon da aka ɗauko daga finafinan Indiya da aka shekara da shekaru ana kallo a Arewa. Babu wanda ya taɓa fita daga gidan kallo yana tambayar yaushe suka sake kaya.

Manhajojin kansu ga shekarunsu a gurguje. Adobe Premiere 1991. iMovie 1999. Windows Movie Maker 2000, wadda Microsoft ta yi wa ritaya a 2017. KineMaster daga Koriya ta Kudu take. CapCut kuwa ta kamfanin ByteDance ce, masu TikTok, ta fara a Sin a 2019 da wani suna, ta fito duniya a 2020. Abin da Anne Coates sai ta aika ɗakin wanki ta jira, yau yaro na yinsa a bayan babur tsakanin Sanyinna da Tambuwal.

Shin ko kun san yawancin gadoji masu walƙiya ba a cikin wayarku suke ba, sai manhaja ta jawo su daga intanet? Wanda ya yi aikin tacewa a watan Satumba na 2021, lokacin da aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, ya san haka. Yanka dai ba ya neman data.

Shin ko kun san gada tana cin hoto? Bidiyo jerin hotuna ne marasa motsi da ake gudu da su: sinima 24 a daƙiƙa, talabijin ɗin Nijeriya 25, yawancin wayoyi 30. Narkewar daƙiƙa ɗaya a waya na nufin hotuna 30 na ƙarshen fitowar farko su hau kan 30 na farkon ta biyu. In liman ya shafa fatiha a daidai daƙiƙar ƙarshe kuka tsayar da ɗauka, gadar za ta haɗiye shafawar. Maganin abin arha ne: ku danna ɗauka daƙiƙa biyu ko uku kafin abin ya fara, kada ku tsayar sai daƙiƙa biyu ko uku bayan ya ƙare. Masu sana'a na kiran wannan rara da sunan da ke nufin mariƙi, kamar na kofi. A wasu manhajoji kuma kowace gada tana rage tsawon bidiyon gaba ɗaya, shi ya sa za ku daidaita hoto da kiɗa tsaf, ku zuba gadoji daga baya, sai ku ga komai ya goce.

Wannan kuma na masu ƙorafin cewa WhatsApp ya ɓata musu aiki ne. Shin ko kun san dalilin da ya sa hoto ke dagulewa ya yi ɗaki-ɗaki daidai kan gada? Don a rage nauyin bidiyo, ba kowane hoto ake ajiyewa cikakke ba. Ana ajiye guda, sannan a riƙa rubuta abin da ya canza kawai a waɗanda ke biye. Mutum na zaune yana magana, bango bai motsa ba, bakinsa kaɗai ake lissafawa. Amma in allo duka yana juyawa yana walƙiya yana narkewa, kowane ɗigo ya canza, lissafi ya yi yawa, ga shi an ƙayyade nauyi, dole a zubar da wani abu. Abin da ake zubarwa shi ne tsabtar hoton. Bidiyon da za a ɗora a sitatus, wanda WhatsApp ya ƙirƙiro a 2017, sannan a tura wa wani ya tura wa wani, gara a yi masa yanka mai tsabta ya isa Legas ko Yamai da fuskar amarya a fuskarta.

Wannan ba na dariya ba ne. Shin ko kun san walƙiyar allo tana iya tayar wa wasu farfaɗiya? Ranar 16 ga Disamba 1997 wani shirin yara na Pokémon a Japan ya nuna walƙiyar ja da shuɗi na 'yan daƙiƙoƙi, aka kwashi mutane sama da 600 zuwa asibiti, akasarinsu yara. Ƙa'idar da ake bi yanzu ita ce kada walƙiya ta wuce sau uku a daƙiƙa. Wasu shiryayyun salo na manhajojin waya suna wuce haka, ga yara sun dafe waya a cikin duhun ɗaki.

Shin ko kun san gadar da ta fi kowace laushi ba a ganinta, jin ta ake yi? Ku sa sautin fitowa ta gaba ya riga hotonta shigowa. Ana nan a zauren maza, ana raba goro, sai guɗa ta fara tashi can ƙasa-ƙasa, daƙiƙa biyu bayan haka hoto ya koma cikin gida. Kunne ya riga ya shiga, ido biyo shi kawai ya yi. Makaɗan fadar ƙasar nan sun daɗe da sanin wannan. Ku saurari Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo: sau da yawa jagora bai gama sauke ɗan waƙa ba 'yan amshi sun karɓe, su mayar da ita gindi, kotso bai tsaya ba, ba za ka ce ga inda aka ɗinke ba. Mai tace bidiyon hawan salla ko dambe da zai bar yankansa ya faɗa kan bugun kalangu, ya sake wuri a inda aka koma gindin waƙa, ya gama rabin aiki. Ni dai abin da ke ɓata mini rai shi ne a datse karatun mai saukar Alƙur'ani a tsakiyar aya don a sa hoto ya yi juyin fanka. A bari ya kai aya.

Haka nan bidiyon ta'aziyya. Na taɓa ganin wanda aka haɗa hotunan wani dattijo da ya rasu, kowane hoto yana buɗewa cikin siffar zuciya, wasu furanni na zuba, irin na masu zagayowar ranar haihuwa. Niyya mai kyau ce, amma iyalan ba su ji daɗi ba.

Shin ko kun san akwai gadojin da hannu ke yi tun a wajen ɗauka? Ku ƙare fitowa da rufe idon kyamara da tafin hannu, ku fara ta gaba da janye hannun a wani wuri. Ku fizgi waya da sauri zuwa dama a ƙarshen wannan, ku fara waccan da fizga zuwa dama, ku haɗa su a tsakiyar hazon, amma kada ɗaya ta yi dama ɗaya hagu. Ku bi mutum har ya shige bayan katanga ko gindin dogon yaro, ku fito da shi daga bayan wata katangar a wani gari. Mai babbar riga ya gifta gaban kyamara ya rufe allo, shara ce ta shadda, ba ta kuɗi.

Ɗan ƙanwar tawa ya dawo bayan sati da bidiyon, ya ce, "Kawu, duba wanga." Ya kwashe gadojin duka sai biyu. Allo ya yi baƙi sau ɗaya tak, tsakanin daren sa lalle da safiyar ɗaurin aure. A wajen kai amarya kuma ya sami inda wata gwaggo ta gifta da faifai a hannu ta rufe kyamara, ya yanka a nan, faifan na gushewa sai ga ƙofar ɗakin amarya. Aka miƙa wa Inna. Ta kalla shiru har ƙarshe, ta miƙo wayar, ta tambayi 'yar wace ce waccan mai koren mayafi da ke bayan amarya, kuma ko an yi mata miji.